Robar But Ɗin Motar Babanku

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Rukayya da 'yar jaririya. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Mu nan Minna sai godiya.

Bayan haka, robar murfin but ɗin bayan tsohuwar motar marigayi babanku, wadda ka aiko tun kafin ruwan fari, sai makon jiya aka sa ta. Ka yi ta waya a yi sauri kada ruwa ya shiga. Na san dalilin saurin, domin na daɗe da ganin gitar kiɗan da ka ɓoye a cikin but ɗin. Shi ya sa na tura robar ƙarƙashin gado, na bar damina ta gama aikinta.

Da Bitrus mai gyaran jikin mota ya ɗaga murfin, ruwa ne kwance, gitar ta kumbura ta dare biyu. Ya ce, "Kai, Mama, abu mai kyau haka! In gwada haɗa ta da gam?" Na ce, "Yi abin da ya kawo ka." Ya kankare tsatsa, ya manna sabuwar roba, ta zauna daram. Katakon gitar kuwa na shanya na sa a murhu, ko wutar kirki bai yi ba.

Babanku bai haifi maroƙi ba. In za ka yi kuka, ka yi na shekarun da ka ɓata kana kiɗa.

Ka sa ni a addu'a. Ka gaida Rukayya, Allah ya ƙara mata haƙurin zama da kai.

Mahaifiyarka.