Na sauya kati ɗaya, an gina gada a kansa

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku tsine min ku bari in kai ƙarshe.

Ina aiki a ɗakin kwamfuta na wani ofis a nan Kaduna. Injiniyoyi kan kawo awon gada, na'ura ta lissafa musu kaurin rodin da za a sa. Babban shirin da ke cikinta, wato jerin umarnin da take bi, ba shi ke lissafin ba. Akwai kati ɗaya mai huji da ke gaya masa inda zai je a kan faifan ajiyar na'urar ya kira ƙaramin shirin da ke yin lissafin, kuma duk abin da ya tarar a wurin shi yake tayarwa, ba tambaya. Ƙaramin nan shugabanmu Malam Isiyaku ne ya rubuta, sai dai tafiyarsa kamar jirgin kaya. Na rubuta mai sauri na kai masa, ko kallo bai yi ba ya ce, "Kai dai loda kati, shi aka ɗauke ka yi." Maganar ta ci min rai. Na ajiye nawa a wani wurin da suna iri ɗaya, na huda sabon kati mai nuna can, na zare katin Malam na sa nawa. Wa zai lura da kati ɗaya a tulin nan?

Da shirin nawa aka yi lissafin wata gada ta wajen Rafin Guza, Malam ya sa hannu. Makon jiya na mayar da katinsa a ɓoye na sake gwada awon, don kawai in ji daɗin na fi shi. Wallahi nasa ya ba da rodi mai kauri, nawa siriri, ashe na manta da ƙarfin ruwa in rafi ya kawo. An riga an zuba kankare. Na je na tsaya a kan gadar, mata da goyo suna wucewa, wani lebura har yana ce min, "Yallaɓai, wannan ai sai jikokinmu!" Ga hadari kullum yana haɗuwa a gabas, ni kuwa abinci ya daina shiga.

In na faɗa, aikina ya tafi, wataƙila har da gidan yari. In na yi shiru ta rufta da mutane, da wane ido zan tsaya gaban Allah? Kuma Malam za a kama. Jiya ya dafa kafaɗata ya ce na yi hankali kwanan nan, in shirya in raka shi ranar Asabar, za a buɗe wa manyan motoci gadar.

Jama'a, me zan yi?