Makirfo Biyu Don Gangunan Bapa

Perth, Ostireliya

Yaya Luh Sari,

Gaisuwa mai yawa. Yaya mahaifiyarmu Meme da ciwon gwiwarta? Yaya hannun mahaifinmu Bapa? Mijinki ya ce rawar hannun ta ƙaru, kar ki ɓoye min.

Ni lafiya lau. Wanke-wanken otal ya ɗan tsattsaga min yatsu, amma ina shafa man kwakwa.

Na sayi na'urar ɗaukar sauti da makirfo biyu don in ɗauki kiɗan gangunan Bapa. Mai shagon ya ce, "Ɗaya ya isa, abokina. Tsohon naku ya kaɗa ganga ta farko, ya sake kaɗa ta biyun, kwamfuta ta haɗa." Na ce masa gangunanmu mace da namiji ne, hira suke yi, macen ta kira, namijin ya amsa nan take. Ya ce, "To, wa ke amsa masa?" Tun da na bar Bali ba wanda ya zauna gefen Bapa ya amsa masa da ɗaya gangar.

Zan zo kafin bikin Galungan, ko sun ba ni hutu ko sun hana. Ki sa a jingina katifu a bangon ɗakin baya saboda carar zakaru. Ki ɗora wa gangunan furen hadaya, kar yara su tsallake su.

Ki gaya wa Bapa kar rawar hannu ta dame shi. Ni zan zauna gefensa in amsa masa; inda ya yi jinkiri zan jira shi, kamar yadda ya riƙa jirana ina koyo.

Ƙaninki,
Komang