Wutar Farko a Tanderun Mutala

Zuwa ga ƙanena Mutala, a Italiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya sanyin can? Mutanen gida duk suna gaishe ka. Na rubuto maka a nan shafin sada zumunta inda kowa zai gani ne, don na lura ka fi saurin karanta abin da jama'a ke karantawa a kan ɗaukar wayata.

Aikin da ka sa ni ya ƙare. Filin nan na bayan ɗakin mahaifiyarmu Mma, inda muke shanya a da, ya sha tayil har bakin katanga. Ga dakalin zama, ga wurin hura wutar jin ɗumi da ka nace sai an yi, a Kumasin nan da zufa ke hana mutum sakat. Ga kuma tanderun gasa fiza a kusurwa, irin wanda kake wuni a gabansa a can, da bututun hayaƙinsa da komai.

Kai ka zana shi ka turo, ban musa ba. Amma ni na riƙa rufe shagona na Alabar da rana tsaka. Ni na je Sofoline na zaɓo jan bulo, na sha faɗa da mai mota kafin ya kawo shi unguwarmu Tafo. Ni na nemo Wofa Kwaku, tsohon da ke gina wa masu burodi tanderu. Da ya ce a zuba fasassun kwalabe da gishiri a ƙarƙashin daɓen don ya riƙe zafi, ni na bi maƙwabta ina roƙon kwalabe kamar sabon mahaukaci.

Ranar da kwalba ta yanke ni a tafin hannu, Mma ce ta ɗaure mini da tsumma, amma idonta na kan wayar da kake magana a ciki. Tambayarka take ko ka ci abinci.

Ka san sunan da ta sa wa wurin? Tanderun Mutala. Duk matar da ta shigo gaisuwa sai ta ja ta baya ta nuna mata: "Borgana ne ya gina mini, tun daga Turai," don a nan duk namu da ke zaune ƙasar waje borga ake ce masa. Ina tsaye a gefe da siminti a ƙafar wando, sai a ce in kawo wa baƙuwa kujera.

Ina kishinka, Mutala. To, na faɗa. Ga furfura a gemuna, ga iyali, amma idan ta ambaci sunanka fuskarta ta washe, sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Ni ke kai ta asibiti, ni ke shan mita idan koko ya yi tsami. Kai kuwa ka kira ranar Juma'a, ka yi dariyar nan taka, ta ishe ta har wata Juma'ar.

Tun muna yara haka abin yake. Ni ke ɗebo ruwan da za ta dafa shinkafa da wake, amma in ta sauke tukunya, ƙanzon naka ne. "Bar wa auta," in ji ta. Na ɗauka in mun girma zai wuce.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kafin Wofa Kwaku ya tattara kayansa, ya ja mini kunne: sabon tanderu sai an riƙa hura masa 'yar wuta kaɗan-kaɗan har lakar ta bushe ta ciki. In aka bar shi ya sha damshin damina, ranar da aka zuga masa babbar wuta tsagewa zai yi. Na kawo itace, na ɗauko ashana. Sai Mma ta zo ta tsaya tsakanina da bakin tanderun. "A'a, Awudu. Wutan farko, mai shi ne zai sa."

Ni da kai mun san takardunka na zama a can ba su fito ba, ba ka da ranar zuwa. Ita kuwa kullum "an kusa" kake ce mata, kuma ta yarda.

Ruwa ya sauka. Da hadari ya haɗu sai ta fita da ciwon gwiwarta, ta ja tamfol ta rufe tanderun, ta danne da duwatsu. Ba ta yarda kowa ya yi mata. Shekaranjiya ta zame a kan jiƙaƙƙen tayil ɗin, Allah ya sa ta kama dakali. Gwiwar ta kumbura, a zaune take salla yanzu, amma jiya da iska ta taso sai da ta sake fita.

Na yi mata bayani har bakina ya gaji. Na ɗauko Wofa Kwaku ya maimaita mata da bakinsa. Ta ce, "Yoo, na ji," ta ci gaba da jan carbinta.

Don haka ka kira ta, ƙanena. Ka ce ta bar Yaya ya sa wutar, a gasa lakar, a daɗa rumfa a kai, ta huta da fita cikin ruwa. Na san kafin ka rufe baki za ta miƙo mini ashana da hannunta tana murmushi. Zan karɓa, zan hura, amma ka sani zai yi mini ciwo. Tun farkon damina nake roƙon wannan abu ina gabanta, kai za ka same shi daga bayan teku kafin ka gama gaisuwa.

Duk da haka ina kewarka, ja'irin yaro. Dakalin nan da ka zana na mutum biyu ne, kai da ita. Ban gaya maka ba, na sa an ƙara masa tsawo.

Allah ya fito maka da takardunka, ya kawo ka gida Mma na kan ƙafafunta, ta ci abin da hannunka ya gasa ko da za ta ce bai kai tuwo ba. Ni kuma ya Allah, ka sauke mini wannan abu daga zuciya, don ɗan'uwana ne, kuma ya yi mini nauyi. Amin.

Yayanka na gida,
Awudu