Kwalin Sabulun Alhaji Dasuƙi

Da sunan Allah. Zuwa ga mijina Ragab, Baban Warda, a Basra. Ni ce Intisar. Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya ciwon bayan nan? Kana cin abinci kuwa? Mama tana gaishe ka, ƙafarta da sauƙi. Mu ma lafiya. To, lafiya dai.

A kaset nake maka magana, na rufe taga. Ban je wurin mai rubuta wasiƙa na bakin gidan waya ba, wannan maganar ba ta kunnen kowa ba ce. Ɗan'uwanka Shahata zai ba ka hannu da hannu.

Ka tuna wasan talabijin ɗin da muke zuwa kallo gidan Ummu Sa'ad, azumin da ka tafi? Mugun nan da in ya cuci mutum sai ya wanke hannu da sabulu, kowa ya kama shi ya sulluɓe? Kai ka fara cewa wallahi wannan Alhaji Dasuƙi ne, ɗan majalisarmu. Sunan ya bi gari, amma a ɓoye. Kai kuma duk kaset ɗin da ka aiko sai ka ce, "Ya Sabulu, yana nan kan kujera?" Ni kuwa kullum sai na kunna wa Warda, don kada ta manta muryarka. Laifina ne, Ragab.

Ran Alhamis Alhaji Dasuƙi ya shigo layinmu, zaɓe ya matso, ana raba mai da sukari. Muna cikin layin karɓa ya sunkuyo ya ja kumatun Warda, ya ce, "'Yar wa ce wannan amaryar?" Sai ta nuna shi da yatsa, da ƙarfi, "Mama, ga Sabulu!"

Wallahi har kaji suka yi shiru. Ya yi dariya, ya ce, "Wa ya koya miki, amarya?" Ta ce, "Babana, a cikin rediyo." Ya tambayi sunanka. Ta faɗa masa har da na kakanka, yadda na koya mata saboda ɓata.

Washegari direbansa ya sauke mana kwali a ƙofa. Sabulu ne, cike. Ya ce, "Alhaji ya ce a wanke wa yarinya baki. In maigida ya zo babbar sallah, ya leƙo, Alhaji yana son jin muryar nan ido da ido." Ka dai san Fu'ad mai aski. Shi barkwanci ɗaya ya yi a kan Alhaji. Har yau hannunsa ba ya riƙe almakashi.

Yanzu a layinmu ba mai kiran sunan sabulu. Na je shagon Baba Girgis, wata tana nuna masa shi da yatsa, ya ce, "Wanne, mai kumfar nan? Je ki wurin Intisar, ita ce dila." Ba wanda ya yi dariya, shi ma ya haɗiye tasa. Ummu Sa'ad ta ce talabijin ɗinta ta lalace. Ina kuwa jin ƙararta ta bango.

Kwalin yana ƙarƙashin gado. Ba na iya zubarwa, za a gani. Na ba mutane, ba mai karɓa. Ƙamshinsa ya cika ɗakin, har a burodi nake jin sa. Direban ya sake biyowa jiya, wai ya sabulun, yana kumfa?

Na ƙone kaset ɗinka duka bakwai a murhu. Warda tana ta danna rediyon tana cewa Baba ya yi fushi.

Ragab, shekara biyu ina ƙirga kwanakin sallar nan. Na ɗinka maka jallabiya. Kada ka zo. Don Allah, don darajar mahaifiyarka, kada ka zo. In ka zo ba ni da inda zan ɓoye ka. In za ka aiko kaset, ka gaishe mu kawai, ka yi shiru. Wannan kuma in ka ji, ka ƙone shi.

Ga Warda can tana buga ƙofa, wai za ta yi wa Baba magana, ta haddace maka wata waƙa. Ba zan buɗe ba. 'Yarka ce, shekararta huɗu, kuma ina tsoron bakinta.

Allah ya tsare min kai. Matarka, Intisar.