Janar a Gefen Kwandon Shara

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fata idon yana warkewa, kuma likita ya kusa cire muku bandeji. A gaida Inna da yara. Tunda kun ƙi ɗaukar wayata, kuma na san Sajan ya riga ni kai ƙara, ga takarda, a karanta muku.

E, na taɓa hotunan shugabannin ƙasa da ke bangon shagon askinmu. Ban fasa ko ɗaya ba, jera su na yi bisa cancanta. Tun ina share gashi a shagon nan nake ganinsu a cakuɗe, wanda ya buɗe makarantu da wanda ya rufe su kafaɗa da kafaɗa kamar abokan ango. Na karanta tarihinsu kaf a ɗakin karatu, ba a bakin mai shayi na ji ba. Mai Tabarau na sa a sama, don shi ya kai 'ya'ya mata aji, ya buɗe karatun yamma na manya, ya bar ma'aikata suka kafa ƙungiya. Likita na biye da shi: ya kai allurar rigakafi ƙauyuka, amma da wa'adinsa ya cika sai da aka ɓamɓare shi daga kujera kamar cingam. Tsoho ya karɓo 'yanci, na yarda, to bayan dogon jawabi me ya bari? Yana tsakiya. Janar kuwa yana ƙasa, gefen kwandon shara, nan ɗin ma alfarma na yi masa.

Sai ga Sajan ya zo gyaran fuska. Na shafa masa kumfa, na ɗora aska, ya ɗaga ido ya nemi ubangidansa a madubi, babu. "Kai Farfesa, ina Janar?" Na nuna masa da haɓa. Mutumin nan ya zabura kamar kunama ta harbe shi. Ɗan ƙwarzane ne a ƙasan kunne, wallahi, amma ya fita titi da kumfa a rabin fuska yana ihu wai na tashi yanka tsohon soja. Wai Janar ya gina gada! Baffa, gada ce ci gaba? Jaki ma yana haye gada.

Allah ya ƙara sauƙi.
Ɗanku

*

Ɗana,

Wa alaikumus salam. Ido da sauƙi, kunne ne ka hana hutawa. Ƙanwarka ce ke rubutawa, na hana ta ƙara ko rage.

Shago na bar maka, ban bar maka kotu ba. Kana jin hannun da ya iya jera almakashi bai iya jera hoto ba? Kujera biyu gare mu, madubi biyu. Wanda ya zauna a ta bakin ƙofa Janar da Tsoho yake gani a bayansa. Wanda ya zauna a ta ciki Mai Tabarau da Likita yake gani. Kafin mutum ya gama sallama na san wadda zan kakkaɓe masa. Wanda ka ɗora wa aska a maƙogwaro ba a tayar masa da hankali, shi ke nan siyasata.

Mai Tabarau ɗinka ma, tambayi matan da ya rushe wa rumfuna don ya yi titin da baƙi za su yaba. Kowannensu akwai mai yi masa addu'a, akwai mai tsine masa, kuma dukkansu gashi na tsiro musu.

Ka mayar da kowane hoto kan ƙusarsa kafin ƙarshen mako, ka je gidan Sajan ka ba shi haƙuri. In ba haka ba, surukina ya ce ƙaninsa ya iya aski, ka ba shi makulli.

Allah ya shirye ka.
Baffanka

(Yaya, ni ce. Da na karanta masa maganar jaki sai da ya yi dariya, sannan ya ce in goge fuskata.)

*

Baffa,

Gaisuwa da fatan alheri. Ƙanin surukinku? Wanda ya yi wa ɗan mai cajin waya aski kamar ɓera ya ci tabarma? To madalla.

Na je gidan Sajan. Na durƙusa, na ba shi haƙuri a kan kunnensa, don kunnensa bai yi mini laifi ba. Ya ce sai na faɗa da bakina cewa Janar gwarzo ne. Na ce Allah ya ba mu alheri, na tashi.

Batun rumfuna kun yi gaskiya, na koma na bincika, littafin da na karanta ya tsallake su. Na sauko da Mai Tabarau daga inda na ɗora shi, ba don kun tsorata ni ba. Na mayar da shi, da Likita, da Tsoho, kowa kan ƙusarsa. Amma kada ku ce mini duk ɗaya ne don gashi na tsiro wa kowa. Wanda ya rushe rumfa an zage shi a jarida washegari, marubucin ya kwana a gidansa. A zamanin Janar wa ya isa?

Na ɗauko hoton Janar, na hau benci, hannuna ya ƙi. Mutumin da ya kwashe malaman makaranta, har da Baba, don sun nemi haƙƙinsu, ya mayar mana da Baba yana tari har ya koma ga Allah, shi zan ɗaga sama da kaina in goge masa ƙura kullum safe? Ni na bar aji saboda shi. Abin da na sani a tsaye na koya, tsakanin askin wannan kai da wancan. Ku kuwa Baba ƙaninku ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuna aski a ƙarƙashin fuskar nan kamar ba komai. Wannan ne ban gane ba, kuma na gaji da yin kamar na gane.

Shagon nan kaɗai nake da shi, kun sani. Duk da haka makulli yana wurin mai shayi. Ku aiko wanda za ku aiko, ya rataya shi da hannunsa.

Ku huta lafiya.
Ɗanku

*

Ɗana,

Kafin ya zama ubanka ƙanina ne, ni na goya shi. Mai askin da ke aiki a kujerar bakin ƙofa baya yake ba hoton Janar, na kujerar ciki ne ke fuskantarsa, kuma ban taɓa barin ka yi aiki a ta ciki ba sai da na kwanta.

Je ka karɓi makullinka, mai shayi ba mai gadi ba ne. Bar ƙusar haka nan. Hoton kuma ka goge shi, ka naɗe a takarda, ka kai wa Sajan ya rataya a ɗakinsa. In na dawo ni zan riƙa zuwa gida ina yi masa aski.

Kuma don Allah, in aska na hannunka, ka rufe bakinka.

Baffanka