Kar ka riga ni, Gavrila

Zuwa ga Gavrila, tsohona, inuwata, ruwan rijiyata, hasken safiya a kan tudun ciyawa!

Matar limamin cocinmu ce take rubuta min, na ce mata kar ta gyara ko kalma ɗaya. Tun da 'yarmu ta tafi da kai asibitin birni, gidan nan ya zama kamar sheƙar da tsuntsu ya bari. Wa zan yi wa faɗa? Murhu?

Jiya na bi ta maƙabarta, na tarar Nechita masassaƙi yana kafa wa marigayiya Floare gicciyenta, shuɗi shar. A jikin gicciyen ya zana ta da kunne manne da bangon maƙwabta, baitin da ke ƙasa kuwa na cewa yanzu sai ta saurari tsutsotsi. Har 'ya'yanta dariya suke. Ni ma na dara. Sai ya dube ni ya ce, "Inna Todosia, naki ba wuya. Baki buɗe, muciya a hannu, agwagi na gudu." Na ce, "Ɗan banza, ni na yi wa uwarka ungozoma." Ya ce, "To ai ba ni nake ƙirƙira ba, abin da gari ya faɗa min nake sassaƙawa."

Na dawo gida dariyar ta ƙare min. Gaskiyarsa, Gavrila. Duk wanda ya san ni da kitso har ƙugu yana kwance can ƙarƙashin shuɗin katako. Saura kai.

Ka tuna Lahadin nan bayan yankan ciyawa, da igiyar takalmina ta tsinke ana tsakiyar rawa? Na cire su duka na jefar, na ci gaba ƙafa ba takalmi har mai goge ya gaji ya zauna. Ka tsaya kana kallona kamar ɗan maraƙin da ya fara ganin dusar ƙanƙara. Wayyo zuciyata! Wa zai gaya wa Nechita wannan in ba kai ba? Ai cewa zai yi ƙarya nake in na faɗa da bakina.

Saboda haka ka sha maganinka, zumata. Ka ci abin da suka ba ka ko ba gishiri. Ka dawo ka rufe ni da hannunka, ka tsaya a kan yaron nan har ya zana yarinyar da ka gani. Ban hana shi buɗe min baki ba, amma ya zama waƙa nake yi.

Ni kuma na yi alkawari zan ɗumama maka wurin kusa da ni, kamar yadda nake yi duk sanyi. Kar ka yi sauri. Wannan karon ko ka makara ba zan yi faɗa ba.

Taka a bisa ƙasa, taka a ƙarƙashinta,
Todosia