Wayar Ɗakina Ba Ta Cikin Gado

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Ni ne Arzika ɗan Malam Gidaɗo na Kebbe, mazaunin Tambuwal, mahaifinku. Ina rubuta wagga wasiyya da hannuna, cikin hankalina, ba wanda ya tilasta ni. Na san ƙarin da likitoci sunka gani a cikin kaina yake, don haka wani zai iya cewa tsoho ya fara sambatu. To bai taɓa hankalina ba. Idona ya taɓa, da hannun dama, shi ya sa kunka ga baƙaƙen manya-manya kamar na ɗan aji ɗaya. Ƙanena Bube da Liman Ɗan'iya sun ji komai, za su sa hannu a ƙasa. Ranar Talata za a shiga da ni ɗakin tiyata a Sakkwato, kuma likita bai ɓoye mini ba cewa irin wanga aiki ba kowa ke fitowa ba.

Attahiru, Zahara'u, Husaina, ɗiyana, ina jin tsoro. Ba ku saba jin haka daga bakina ba, amma yau ba ranar cika baki ba ce. Ina tsoron kabari kamar kowane bawa. Sai dai abin da ya fi tsinka mini zuciya shi ne tsohuwar wayar nan mai fasasshen gilashi da ke kan kabad ɗin ɗakina, jone da batirin sola.

Na ɗaya. Ranar da anka ce babu ni, kada a kulle ɗakina, kada a zare wayar nan daga caji, kada a kashe ta, kada a cire layin da ke cikinta.

Na san gidanmu. Mu idan mutum ya rasu, kafin a dawo daga maƙabarta an sa wa ɗakinsa kwaɗo, ko allura ba mai taɓawa sai ranar rabon gado. Tsoron cin dukiyar maraya ne, kuma al'ada ce mai kyau. Da kakanku ya rasu haka anka rufe nasa har babban wanmu ya dawo daga aikin hajji, munka buɗe munka tarar gara ta cinye rabin littattafan. Attahiru, kai ne babba, kai ke koyar da ilimin gado, ina ganinka da makullin a aljihu tun yanzu. Saboda kai na riga na fitar da wayar daga dukiyata. Na yi waƙafi da ita, da layinta, da batirin da farantin solar, don mata masu haihuwa, a gaban shaidun nan biyu. Ba tawa ba ce balle ta zama ta magada, ka duba littattafanka za ka ga haka ne.

Bari in gaya muku aikinta, don ke Husaina kin tashi kin gan ta ne kawai ana hana ki taɓawa.

Lokacin da kuɗin mai sunka yi yawa, jiha na neman yaran da za ta tura karatu ruwa a jallo, anka kwashe mu anka kai jami'a. Kwamfutar zamanin nan ɗaki guda ta cika. Mu huda katuna mu miƙa ta taga, mu yi kwanaki muna jira, a dawo mana da takarda cewa mun mance ɗigo guda. Tun sannan na tsani jira. Da yanar gizo ta zo, da kayan aikin da ke sa mutum ɗaya ya haɗa manhaja cikin yini, sai na zama mai wa'azin sauri. Kamfanoni su kira ni shawara, jami'o'i su kira ni lacca, in yi rubutu a mujallu da shafina, magana ɗaya dai nika maimaitawa: kada ka jira sai ka gama ginin gida, kafa rumfa mutane su fara shan inuwa, ka saurari ƙorafinsu, ka gyara. Abokan aikina har sun laƙa mini Sha-yanzu, magani yanzu, ni kuwa ina washe baki.

Wata rana a taron ɗalibai a Sakkwato wani ya ƙalubalance ni in gina abu mai amfani a gabansu. Dama Marka, ungozomar ɗakin shan magani na Fakku, ta sha gaya mini yadda mace ke zubar da jini bayan haihuwa, a ɗauko ta zuwa asibitin Kebbe, sannan a fara bin gari ana neman mai irin jininta. Tsakanin azahar da la'asar na haɗa shafi guda. Ungozoma ta zaɓi irin jinin ta danna, saƙon tes ya tafi ga duk wanda ya yi rajista yana da irinsa a kusa, yawancinsu 'yan kabu-kabu, su riga mai jego isa asibiti. Ana bukatar abin da zai riƙa tura saƙon, sai na ciro tsohuwar wayata daga aljihu na ce wagga ta riƙe mana na yanzu. Ɗalibai sunka tafa. Na dawo gida na ɗora ta kan kabad, inda sabis ya fi ƙarfi. Marka ta fara amfani da shafin, ta koya wa ungozomomin Kebbe, na Jabo sunka ji sunka shigo, shekaru sunka yi ta tafiya, duk saƙon da ya taɓa fita ta cikin wayar nan ya bi.

Ban yi nadamar saurin ba, kada wani ya tsaya kan kabarina ya ce sauri ya haifi nawa. Da na jira sai komai ya cika, da an rufe matan da yau suke goye da 'ya'yansu. Amma a watan da ya wuce ɓera ya ci wayar cajin, ta mutu yini guda ban sani ba. Allah ya rufa asiri ba a nemi jini ranar ba. Da na tayar da ita sai wani tunani ya zo mini, na sake kashe ta da gangan, na kira Marka na ce ta danna. Ta danna, shafin ya rubuta mata cewa an aika. Ashe ko wayar na mace haka zai ce, ungozoma ta saki jiki tana jiran masu jini, ba wanda ya ji komai. Gyaran ba shi da wuya, da can kafin shayi ya huce na gama. Na buɗe kwamfuta, layukan sunka haɗe mini kamar jerin tururuwa, na zauna ina kallonsu ina hawaye. Na gargaɗi ungozomomin da na sani, amma ana yi musu canjin wurin aiki, wadda za ta zo gobe shafin za ta gaskata.

Na biyu. Zahara'u, ke ce kika gaji hannuna, har kin fi ni tsafta a aiki, ko da yake ban taɓa gaya miki ba. Ki ɗauki hutu ki baro Abuja. Ki zauna a ɗakina ki sake ginin yadda ba zai dogara da waya ɗaya ba, kuma idan saƙo bai tafi ba ya faɗi gaskiya. Wayar idan ta mutu ba ta komawa aiki da kanta, akwai matakai, na yi miki bayaninsu da murya na tura miki. Kada ki kashe tsohuwar sai sabon ya yi aiki a hannun Marka. Kwamfutata ki riƙe ta tun ranar farko, a ƙiyasta kuɗinta a cire daga kasonki, kada a ce na fifita ki.

Na uku. Kafin ta iso, amanar na hannun mahaifiyarku Kaltume, tunda takaba za ta zaunar da ita gida. Husaina, ki taimaka mata. Safe da yamma a duba ko wayar na caji, a sa mata kati kafin ya ƙare, daga sulusin dukiyata. Masu zaman makoki za su cika gidan, kowa da wayarsa a hannu yana neman inda zai jona. Ko hakimi ne ya miƙa hannu ga cajar nan, a ba shi haƙuri.

Na fuɗu. Gida da gonar Jabo da sauran abin da na bari a raba yadda Allah ya raba, ba ni da ta cewa. A dai bar Bube ya kwashe geron da ya shuka tukuna. Ban san da mai bina bashi ba, in wani ya zo da shaida a sallame shi kafin rabo. Rubuce-rubucena da bidiyon laccocina a bar su a buɗe kyauta yadda suke. Zahara'u ta ƙara layi ɗaya a saman shafin, cewa duk wanda ya kafa rumfa ya tabbata wani ya san inda ya ɗaure igiyoyinta.

Na biyar, kuma shi ne ke faɗar mini da gaba. Attahiru da Zahara'u, tun babbar salla ba ku yi wa juna magana ba. Kai ka ce aikinta zaman cikin maza ne, ke kika ce iliminsa sai an mutu yake amfani. Duka biyun kun yi wauta, kuma taurin kan nawa ne kunka ɗauko. Zahara'u ta rantse ba za ta kwana gidan nan ba muddin kai ke faɗa a ji. Kun ga inda abin ya tsaya? Mai makulli ba ya iya gyara, mai iya gyara ta ƙi shigowa. Zahara'u ke ce ƙarama, amma kai Attahiru nika umurta ka fara kira, don girma na mai haƙuri ne. Ki yi kaffarar rantsuwarki ki zo.

Attahiru, na so in bar wagga magana a cikina, amma tsoro bai bar ni ba. Matarka Saudatu na Fakku wurin iyayenta goyon ciki, haihuwar fari. Marka ce ke duba ta, kuma da izinin Saudatu ta gaya mini irin jininta. Irin wanda ba a cika samu ba ne. A duk waɗanda sunka yi rajista tsakanin Kebbe da Tambuwal, masu irinsa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma ba ɗan gidanmu ko na gidansu a ciki. Watan haihuwarta zai kama tun mahaifiyarku ba ta fita takaba ba. Ina roƙon Allah ta sauka lafiya ba a nemi kowa ba. In kuwa an nema, ta ɗakin nan kiran zai bi.

Na yafe muku duk abin da kunka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku biyayya, ya sa ku gama da duniya lafiya. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe Bube a matsayina, ku riƙa cin tuwo a kwano ɗaya ko da zuciya na tafasa, kada gidan Malam Gidaɗo ya watse a hannunku. Ku yi mini addu'a, ina bukata ƙwarai. Idan an haifi jikana ban nan, Attahiru, ka yi masa huɗuba, kai kuma Bube ka tabbata gwaggonsa Zahara'u na cikin gidan ranar.